Kalma Ɗaya a Takardar Yaya

Litinin, 1 ga Satumba

Rahoto talatin da huɗu yau. Firinta ta cinye takarda sau biyu, na buɗe cikinta na zaro da hannu, yatsuna duk baƙi. Mai gyara ya ce gobe. Makon jiya ma gobe ya ce.

Dattijo, babban likitan hoto, ya dawo daga hutu da mura, na wuni ina jin jan hancinsa a kunnena. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana zaune a ɗakinsa mai duhu, yana duba hotunan ƙirjin marasa lafiya yana magana cikin na'ura, ni kuma ina bayan bango da abin sauraro a kunne ina buga abin da ya ce. Na fi matarsa sanin numfashinsa. In hoto lafiya lau ne, da gudu yake magana kamar mai sallamar baƙon da ya daɗe. In ya ga wani abu sai ya yi shiru, kujera ta yi ƙara, sannan ya yi gyaran murya.

Talata, 2 ga Satumba

Ruwa tun safe. Na wuni da jiƙaƙƙen takalmi. Rediyo, mai ajiyar fayil, ta ba ni labarin rigimar maƙwabtanta daga farko har ƙarshe. Ban tambaye ta ba.

Laraba, 3 ga Satumba

Na goma sha tara a layi. Namiji, shekara hamsin da huɗu, tari wata uku. Dattijo ya yi shiru, kujera ta yi ƙara, gyaran murya. Wani dunƙule a saman huhun dama, ya faɗi girmansa, sannan ya ce *concerning*. Na buga.

Dattijo ba ya kiran sunan cuta, bai taɓa ba. Wannan kalmar ita ce ƙarshen tsaninsa, babu wata a sama da ita. Yaran likitocin nan barbaɗa ta suke kamar gishiri, kowane tabo sai su ce da ita. Shi kuwa bai fi ya faɗe ta sau ashirin a shekara ba. Kuma fayil ɗin da ya samu kalmar daga bakinsa, bayan wata ɗaya ko biyu yakan biyo ta hannun Rediyo da jar sitika a goshi, ta sashen ciwon daji. Ba duka ba. Amma na daɗe ina ƙoƙarin tuna wanda ya dawo ba sitikar.

Sai da takardar ta fito daga firinta na ga sunan a sama. Na Yaya ne. Sunansa, sunan mahaifinmu, har lambar wayarsa da ban kira ba tun watan Afrilu.

Na sa ta a ambulan, na liƙe, na ajiye a tire tare da sauran. Na buga goma sha ɗaya bayanta. Na ci abincin rana, duk na cinye.

Alhamis, 4 ga Satumba

Da muna shan shayi na tambayi maigidana Malam kalmar, kamar dai ta faɗo min ne kawai. Kuskure. Mai koyar da Turanci shekara ashirin, ka tambaye shi kalma ɗaya, ka shirya jin huɗuba. Ya ajiye kofi, ya ɗauko tabarau. Wai kalma ce mai sauƙi, ta mutanen da ba sa son tayar da hankali, ba ta kai wadda ake faɗa in gobara ta tashi ba. Wai shi a zamaninsu in yaro ya yi amfani da ita haka, jan biro zai sha.

"Ma'anarta dai a sa ido," in ji shi. "Wa ya rubuta miki?"

Na ce babu kowa, a wurin aiki na gani.

Bai yi ƙarya ba. A ƙamus haka take. A bakin Dattijo ne ba haka take ba, kuma wannan ba ya cikin kowane littafi na Malam.

Juma'a, 5 ga Satumba

Matar Yaya ta kira. Ita ce ta matsa masa ya je asibiti, da ƙyar, sai da ta yi kwana biyu ba ta yi masa magana ba. Jiya ya karɓo ambulan, sun buɗe, ta sa kalmomin a waya ɗaya bayan ɗaya. Wayar ta ce mata "abin damuwa". Yaya ya yi dariya har ya ƙware, ya ce in don abin damuwa ne ai tun ran da aka haife shi yake ciki.

An ba shi ranar ganin likita 9 ga Oktoba. Shi kuma ran 15 ga wannan watan zai tafi da giredarsa, motar baje ƙasa da yake tuƙawa, aikin sabon titi, can nesa, wata biyar. Ya ce in ya dawo zai je.

"Ke da kike can, ba wani abu ba ne ko?" ta ce.

Na ce ni takarda kawai nake bugawa. Ta ce haka ne. Muka koma maganar tsadar gas.

Lahadi, 7 ga Satumba

Na wanke labule. Ban je ko'ina ba.

Litinin, 8 ga Satumba

Dokar ofis guda biyu ce, tana manne a bango saman firinta, har ta yi rawaya. Abin da ka buga ba ya fita daga bakinka. In na ɗan'uwanka ne, ka miƙa wa wani ya buga. Ta biyun na riga na karya ta ba da sanina ba. Wadda na gada a kujerar nan, ta raɗa wa maƙwabciyarta abu a soro, kafin mako ya zagayo an karɓe katin aikinta. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Ni da Yaya ba faɗa muke ba, gara in rubuta wannan. Muna gaisawa. In an yi rasuwa muna haɗuwa. Abin dai shi ne, shekara shida da suka wuce Inna ta kwanta kwana arba'in da ɗaya a hawa na biyu na asibitin nan, ni ce mai juya ta, ni ce mai wanke ta, ina saukowa in buga rahoto in koma. Yaya yana wani titin a lokacin. Ya iso kwana biyu bayan an binne ta, da jakar lemo a hannu. Ban ce masa komai ba. Har yau ban ce ba.

Talata, 9 ga Satumba

Na kai wa Dattijo takardun sa hannu da kaina, maimakon in ba masinja. Ɗakin sanyi kamar cikin firji, shi da rigar sanyi da hankici. Na ce, "Ranka ya daɗe, tambaya. Me ya sa in ka ga abu ba ka faɗinsa kai tsaye?"

Ya ɗaga kai, ina jin wannan ne karo na uku da ya kalli fuskata tun da na fara aiki.

"Hoto inuwa ce," ya ce. "Ban taɓa ba, ban yanka ba. In na kira suna alhali ba shi ba ne, na kashe mutum da baki. Likitan da ya turo shi ya san abin da nake nufi. In ya ga kalmar nan daga hannuna, ba ya barin mutum ya kwana biyu."

Na ce to. Na kwashi takardu.

Na duba sunan likitan da ya turo Yaya. Sabon nan ne, dogo, mai jakar goyo, wanda ya zo watan jiya daga wani asibitin. Bai san Dattijo ba, bai san tsaninsa ba. Kuma ko ya sani, fayil ba zai isa teburinsa ba sai 9 ga Oktoba. Kalmar tana kwance cikin ambulan a kan talabijin ɗin Yaya, mutum biyu kaɗai a duniya suka san nauyinta, ɗaya bai san ta wane ne ba, ɗaya an hana ta magana.

Laraba, 10 ga Satumba

Rediyo ta gano. Fayil ya biyo ta hannunta, ta ga sunan mahaifi. Ta rufe ƙofa, abin da ba ta taɓa yi ba, ta zauna a kan kwalin takardu.

"Naku ne?"

Na ce Yayana.

"To me kike jira?"

Na nuna mata bango.

"Takardar bango ce za ta zo miki gaisuwa?" ta ce. "Ɗan'uwa rabin jiki. Ke dai wallahi tun da na san ki kamar ƙarfe kike."

Na ce tana zaune a kan takardun wata uku. Ta tashi. A bakin ƙofa ta ce ita ba ta ga komai ba, ba ta ji komai ba. Daga Rediyo, wannan babbar kyauta ce.

Juma'a, 12 ga Satumba

Na je gidan Yaya bayan an tashi aiki. Na tarar da shi a tsakar gida yana shafa wa takalman aikinsa mai, jaka a buɗe a gefe, bargo da tocila da gwangwanin madara a ciki. Ya rame a wuya. Rigar da ke jikinsa na san ta, da cika ta yake.

"A'a, Akawu! Ɓatan hanya kika yi?"

Tun ina firamare yake ce min haka, don ina jera fensirorina bisa tsayi.

Na zauna. Muka yi maganar ruwa, da ramukan titin unguwarsu, da giredar da aka saka wa sabon inji. Ya yi tari sau huɗu, na ƙirga. Ambulan ɗin na kan talabijin, an ɗora rimot a kai. Na sha ruwa, na ce zan tafi kar mota ta yi wuya. Matarsa ta rako ni har bakin titi tana kallon bakina. Na ce a gaida yara.

A mota na ji haushin kaina sosai. Haushi ne, ba wani abu ba.

Asabar, 13 ga Satumba

Na koma da hantsi. Ban zauna ba, don na san in na zauna za mu koma maganar ramukan titi. Na ɗauko ambulan daga ƙarƙashin rimot na ce, "Yaya, ni na buga takardar nan."

"To madalla. Shi ya sa ba kuskure."

Na ce kar ya tafi ran Litinin.

Ya ajiye burushin takalmi. Ya ce sun duba, abin damuwa aka ce, ba a ce mutuwa ba. Ya ce in bai hau giredar nan ran Litinin ba akwai mutum uku da ke jiran kujerar, yara masu jini a jika, kuma mai shekara hamsin da huɗu in ya sauka ba ya sake hawa. "Likita ce ke?"

Na ce a'a, mai buga takarda ce. Na ce shekara goma sha ɗaya ina buga wa mutumin nan, na san inda maganarsa ke tsayawa. Na gaya masa zancen jar sitika. Sai na ji bakina ya faɗi sunan cutar, ƙarara, a tsakar gida, matarsa na tsaye da bokiti. Na ce mai yiwuwa ba shi ba ne, amma in shi ne, wata biyar ba naka ba ne da za ka bayar.

Bokitin nan ta ajiye shi a hankali kamar kar ya ji.

Da na tsaya nan da ya isa. Amma tun da baki ya buɗe sai na ƙara. Na ce, "Na yi jiran ka sau ɗaya a asibitin nan ba ka zo ba. Ba zan zauna in jira a kawo min kai a bayan mota ba."

Ya daɗe yana kallon takalmin. Sannan ya ce, ba da faɗa ba:

"Sau nawa na kira ki lokacin Inna? Kullum. Me kike ce min? Jiki da sauƙi. Sai a hankali. Ana dai dubawa. Har daren ƙarshe abin da kika ce ke nan. Da kin faɗa min irin yadda kika faɗa yanzu, Akawu, da ko da ƙafa ne na taho."

Na buɗe baki in ce ƙarya ne. Ba ƙarya ba ne. Ina tuna inda nake tsayawa in amsa wayar, bakin tagar hawa na biyu, ina cewa da sauƙi don kar in yi kuka a gaban nas. Shekara shida ina riƙe da mutum kan bai ji abin da ban faɗa ba.

Na ajiye ambulan na fito. Bai ce zai fasa ba.

Lahadi, 14 ga Satumba

Ba wanda ya kira. Malam ya tambaya ko ba ni da lafiya, na ce gajiya.

Litinin, 15 ga Satumba

Saƙon matarsa ƙarfe shida da rabi: ya fita da jaka.

Shi ke nan. Na je aiki. Na buga ashirin da biyu kafin sha ɗaya, ba kuskure ko ɗaya, na duba.

Sha ɗaya da kwata Rediyo ta leƙo ta ce wani na bencin waje yana neman Akawu, ita kuma ba ta san muna da akawu a sashen nan ba. Na fita. Yana zaune, jaka tsakanin ƙafafunsa, takalman nan suna ƙyalli. Ya ce ya je har inda motar kamfani ke ɗibarsu, ya sa jaka a ciki, ya sake sauke ta. Direba ya zage shi.

"To ga ni," ya ce. "Ina ake zuwa?"

Ban san ina ake zuwa ba, ni bayan bango nake. Na ɗauki fayil daga hannun Rediyo na shiga ɗakin Dattijo ba sallama. Na ce wannan Yayana ne, ni na buga, na kuma gaya wa Yaya abin da ke ciki, kuma ranar da aka ba shi sai 9 ga Oktoba. Ya karanta rubutunsa, ya ce, "Oktoba?" Ya ɗaga waya. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai yau, ashe yana da ita. Kafin azahar likita mai jakar goyo ya sauko da kansa, kunnuwansa kamar za su faɗi don kunya. Ba laifinsa ba ne, ba wanda ya gaya masa.

Za a ɗebi tsoka kaɗan a gwada ran Alhamis.

Laraba, 17 ga Satumba

Shugabar ofis ta kira ni. Takardar tuhuma, sannan dakatarwa mako biyu. Ta ce da kora ce, Dattijo ya sa baki. Ta ce ba ta zaci haka daga gare ni ba, ni da take ba sababbi misali da ni. Na sa hannu. Akwai kuskuren bugu biyu a takardar, ban nuna mata ba.

Malam ya ji komai yau. Ya cire tabarau ya ce, "Ni kuma na tsaya ina miki bayanin jan biro." Na ce ai bayanin daidai ne.

Alhamis, 25 ga Satumba

Sakamako ya fito. Shi ne. Sun ce bai bazu ba, za a iya cirewa. Matarsa ta yi kuka a baranda, Yaya ya tambayi likita ko mai huhu ɗaya da rabi zai iya tuƙa gireda. Kujerar dai an riga an ba wani.

Zaman gida ba daɗi. Na jera kwanukan kicin bisa girma, na sake jerawa.

Talata, 7 ga Oktoba

Tiyata yau. Na ɗauki hutun kwana ɗaya, kwana biyar kacal da dawowata aiki, Shugaba ta kalle ni ta sa hannu.

Sun sa masa rigar nan mai igiya a baya, ya ce shi ba a taɓa yi masa wulaƙanci irin wannan ba. Ya ba ni agogonsa da wayarsa. Nas ta zo da fom tana tambayar wa za a nema in an fito. Matarsa na tsaye a wurin. Ya nuna ni da haɓa ya ce, "Ku gaya wa ƙanwata, ita za ta gaya wa kowa." Matar ta gyaɗa kai, ba ta ji haushi ba.

Awa huɗu da minti ashirin. Bencin jira na ƙarfe ne, ga fanka a kai. Agogon nasa yana gaba da minti bakwai, ban gyara ba.

Likitan tiyata ya fito ya ce an cire, an samu yadda ake so, sauran sai a bi a hankali. Na ce ya yi haƙuri ya faɗa min dalla-dalla, me aka cire, me ya rage, me ake tsoro. Ya faɗa. Na je na maimaita wa matarsa duka, har wanda ba daɗi.

Da suka turo shi bai farka ba, bakinsa a buɗe, ya yi ƙanƙanta a gadon. Na bi su har ɗaki, hawa biyu da doguwar baranda, hannuna a kan ƙafarsa ta saman bargo. Nas ta ce, "Hajiya, za ki iya saki, mun iso." Na ce bargon ne ke zamewa.